Kunne Biyu, Baki a Rufe

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Baffana, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Mutane sun zo, ba laifi. Ƙofar gida ta cika da maza, tsakar gida ta cika da mata, har daga Dungu da Icirnawa an zo a kan babura da amalanke. Sai dai kwana uku na yi zaune a cikin matan nan ina kasa kunne, ban ji bakin da ya ce mutumin kirki ne ba.

Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa gaban Inna, matarsa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Sannan ta shiga laluben abin da za ta ƙara. Daga ƙarshe sai ta ce, "Ya iya aikinsa."

Aikin nasa kuwa hoto ne. Shekara arba'in da ɗoriya shi ne mai hoton Matameye, amma ba na biki ko na suna ba. Kat-kat yake ɗauka, ɗan ƙaramin hoton nan da ake mannawa a katin ɗan ƙasa, da dosiye, wato takardun shiga jarrabawa, da fasfon masu tafiya Makka. Duk wanda ya kai shekara talatin a ƙasar nan, da wuya bai taɓa zama a gaban farin ƙyallen Baffa ba.

A kwana na biyu wata tsohuwa daga Dungu ta kwance haɓar zanenta, ta fito da tsohon katinta a cikin leda, ta miƙa wa ta kusa da ita.

"Ku dubi yadda bawan Allahn nan ya mai da ni," in ji ta. "Kamar wadda aka kama da akuyar sata."

Katin ya zaga hannu-hannu. Kafin ya dawo, mata biyar sun fito da nasu. Fuskokin duk iri ɗaya ne: ido a waje, baki a ɗinke, kamar an aiko musu da mugun labari yanzu-yanzu.

"Ni tambayata ya yi wai ko mijina makaho ne."

"Ke kin samu sauƙi. Ni cewa ya yi in rufe baki kar ƙudaje su ɗauka salga aka buɗe."

Dariya ta so ƙwacewa, ana toshe ta da mayafi. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ɗaure fuska ta ce, "Ku ji tsoron Allah, gidan mutuwa kuke." Can sai ita ma ta laluba jakarta ta fito da nata. Inna tana gefe tana nuna wa masu rabon gumba ƙwaryar da za su ɗauka, idonta a bushe.

Ana cikin haka wata amarya da ban san ta ba ta ce, "Ai Allah ya rama mana tun kafin ya tafi," ta zaro waya tana neman wani abu a ciki. Ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu, ta nuno ni da baki. Amaryar ta mayar da wayar cikin hijabi. Na san hoton da take nema, don ni na ɗauke shi. Saboda wannan hoton nake rubutun nan.

Shagon Baffa yana kusa da tasha. Ɗaki ne ɗaya, da benci a waje, da farin ƙyalle a bango, da kyamara a kan ƙafa uku wadda ba mai taɓawa sai shi. Dokarsa ba ta canzawa: kunne biyu a waje, haɓa a sama, baki a rufe. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Hukuma ba ta son haƙora." Matsalar ita ce mutanenmu in an sa su gaban kyamara kunya ke kama su, kunyar kuma da dariya take fita. A zamanin fim ba a ɗauka sau biyu. Don haka Baffa ya samo nasa maganin: zagi.

Ba zagin uwa ko uba yake yi ba, ya ce wannan aikin 'yan tasha ne. Shi tun kana zaune a benci kana jiran layi yake nazarinka, yana jin hirar da ake yi, yana ajiye abin da ya ji. In ka zauna gaban ƙyalle ka fara washe baki, sai ya leƙa ta kyamara ya faɗi abin nan da kake ɓoyewa, a hankali, kamar mai tambayar lafiya. Manomi da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, sai ya ce masa, "Har yanzu surukinka ke ci da ku?" Ɗalibi da ya faɗi jarrabawa sau biyu, sai ya ce, "In ajiye maka na baɗi tun yanzu?" Murmushin ya mutu, yatsansa ya latsa. Sannan ya ce, "Tashi. Na gaba." Bai taɓa ba kowa haƙuri ba, bai kuma taɓa ɓata fim ba.

An yi wata rigima da har yau ake ba da labarinta. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya kawo matarsa hoton fasfo, ya ce ba za ta janye mayafi daga kunnenta ba. Baffa ya ce in babu kunne babu hoto. Alhaji ya ce shi matarsa ba ta buɗe kunne gaban ƙato. Baffa ya rufe kyamara da ƙyalle, ya ce, "Alhaji, na ga kunnuwan ƙasar nan kaf. Na matarka ba zai hana ni barci ba, kai ma na ji an ce bai hana ka." A gaban mutane ya faɗa. Alhaji ya ɗauki matarsa sai Damagaram, aka yi mata hoto a can da mayafi rufe. Aka dawo masa da takardun, aka ce a sake. Da ya dawo shagon Baffa, tun safe ya bar shi zaune a benci har aka kira la'asar. Shekara ashirin ba su gaisa ba bayan wannan.

Da a shago zagin yake tsayawa, da da sauƙi. Da shi yake dawowa gida. Inna ta yi shekarunta da shi ba ta taɓa jin an ce miya ta yi daɗi ba. 'Ya'yansa maza uku sun tafi ci-rani Kano da Fatakwal kamar kowa, sai dai su in damina ta faɗi ba sa dawowa. Ni kuwa da aka kawo ni gidan bayan rasuwar mahaifina, ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, ya hana a cire ni. Wannan ba zan ɓoye ba. Amma ranar da zan yi hoton dosiyen jarrabawa, na zauna gaban ƙyallen ina murna, don ranar ce ya fara kallona sosai. Ya leƙa ta kyamara ya ce, "Haka ubanki ya yi ta washe baki har ya mutu, bai bar miki ko tabarma ba." Ya latsa. Wannan hoton ne a takardun karatuna duka. Shekarata goma sha biyar a lokacin.

Alheri ɗaya na sani tare da shi wanda ba wanda ya sa shi. A ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanayen madara cike da baƙaƙen fim ɗin da ya ɗauka, kowane ƙauye da gwangwaninsa. Shi kilishe yake ce musu, da Faransanci. Muna yara mun ɗauka kilishi yake ɓoye mana, har na sha duka a kan buɗe ɗaya. Wata shekara wata mata ta zo daga wani ƙauye bayan Dungu da goyo. Mijinta ya mutu a wurin ci-rani, an binne shi can, ba ta da abin da za ta nuna wa yarinyar in ta girma. Baffa ya rufe shago kwana biyu yana ɗaga fim ɗaya-ɗaya yana dubawa a hasken rana, har ya samo shi. Ya wanke mata babba, ya sa a gilashi, bai karɓi komai ba. Tana kuka tana godiya, ya ce, "Riƙe da kyau. Ya fi kyau a takarda, kuma wannan ba ya duka." Ta tafi ba ta san ko ta ci gaba da godiya ba.

Ni hoto ya shiga raina tun ina share masa shago, amma bai taɓa barin na taɓa kyamara ba. Ya ce hannun tuwo ne da ni. Sai da na zama malamar makaranta a Icirnawa, maigidana ya kawo mini waya mai kyau daga Kano, sannan na fara ɗauka. Mata a bakin rijiya, dammunan hatsi a kan amalanke, motar kasuwa da aka yi wa lodi har ta karkace. Wata abokiyar aikina ta gani, ta sa ni cikin wani rukunin WhatsApp na masu ɗaukar hoto don sha'awa, a nan na fara jin labarin gasa.

Neman gasa ma aiki ne. Wata ta 'yan birni ce kawai, wata ta masu babbar kyamara, wata in ka karanta har ƙasa sai ka ga 'yan damfara ne ke neman lambarka. Wadda ta dace da kai kuma tana da nata sharuɗɗa: ga jigon da za a ɗauka, ga girman hoto, kar a taɓa shi da kwalliyar waya, a rubuta layi biyar na bayani, a aika kafin rana kaza. A Icirnawa rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudun bayan makaranta. Sau nawa na tsaya a kan tudun nan lokacin hutun ƙarfe goma, hannu a sama, ina jiran hoto ɗaya ya tafi. Amsa kuwa ko dai a ce an gode da shigata, ko a yi shiru. Shekara huɗu ina yi.

Abin haushin, duk hoton da zan aika sai na fara kai wa Baffa. Ba wanda ya sa ni. Ranar Juma'a in na shigo gari sai in same shi a shagon da ya riga ya mutu, don tun da sababbin injuna suka zo ba mai zuwa wurinsa sai tsofaffi. Ya sa mini suna Madam Konkur, don konkur gasa ce da Faransanci. In miƙa masa waya, ya riƙe ta nesa da ido kamar abin ƙazanta.

"Wannan jakin, fasfo zai yi?"

"Baffa, jigon gasar sufuri ne."

"To ina kunnen matar nan?"

"Ta juya ne, Baffa, hasken nake so."

"Wanda bai iya ɗaukar mutum ba shi ke ɗaukar haske. Karɓi abinki."

Akwai wanda na wanke a takarda, na wata tsohuwa mai saƙar faifai, ina ji da shi ƙwarai. Ya ɗauki almakashinsa ya yanke fuskar daidai girman kat-kat, ya miƙo mini, ya zubar da sauran. Ya ce, "Ga iya abin da ke da amfani." Na yi kuka a mota har Icirnawa. Juma'ar da ta biyo baya na sake kai masa wani. Kalma ɗaya nake nema a bakinsa, kuma na san da haka, ina jin haushin kaina ina komawa.

Sai ciwo ya same shi. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa da rabin fuska. Gefen hagu ya zube ƙasa, na dama ya ja sama, sai ya zama kullum kamar yana murmushin mugunta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kashe murmushin mutane, ga shi da wanda ba ya iya kashewa. Masu zuwa dubiya suna fita suna cewa Allah ya ba shi lafiya, suna kaiwa zaure suna haɗa ido. Maganarsa ta yi nauyi amma ana ganewa, kuma dafinta bai ragu ba.

A cikin wannan hali wata ƙungiya a Yamai ta fitar da gasa a kan dattawa. Waɗanda aka zaɓa za a wanke hotunansu manya a kafa a bango, mutane su zo su gani. Akwai iyakar shekaru, kuma wannan ce shekarata ta ƙarshe a ciki. Akwai kuma sharaɗi ɗaya: duk wanda fuskarsa ta fito, sai ya sa hannu a takardar amincewa.

Wata Asabar da safe Inna ta fito da shi tsakar gida ya sha hantsi, ta jingina shi da bango. Ya gama shan koko. Kokon ya gangaro ta gefen bakin da ya mutu har cikin gemu, idon hagu da ba ya rufuwa yana zubar da ruwa, ɗaya gefen kuma yana wannan murmushin. Hularsa ta karkace ta rufe kunne ɗaya. Rana ta faɗo masa ta gefe. Ina bakin ƙofar ɗaki da waya a hannu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na latsa. Da na duba, na san ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Na kuma san irin abin da alƙalan gasa ke so, shekara huɗu ina kallon waɗanda suke ci: tsufa, da tamoji, da wahalar da ba tasu ba.

Saura sa hannu. Na buga takardar a gari, na kawo masa da biro, na ce ta likita ce, ta karɓar magani. Na manta da wanda nake magana. Shekara arba'in yana cika wa mutane dosiye. Ya riƙe takardar da hannun dama ya karanta har ƙasa, leɓensa na motsi.

"Madam Konkur. Likitan naki yana Yamai?"

Ya nuna wayar da ke hannuna.

"Kawo in gani."

Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, har hasken wayar ya mutu, ya ce in kunna. Na jira zagi. Sai ya ce, "Kunne ɗaya." Ya ajiye wayar a cinyarsa. "In dai ni za a kafa a bango, a yi shi yadda ake yi. Ɗauko ƙyallen."

Farin ƙyallen shago yana cikin akwatinsa tun da aka rufe. Na ɗaure shi a igiyar shanya. Ni da Inna muka ɗaga shi muka ɗora a kujera. Ya sa ta goge masa gemu, ta sa masa farar rigarsa ta Juma'a, ta cire hular. Ya nuna mini inda zan tsaya da yatsa, ya ce in matso taku ɗaya, in sauke hannu daidai idonsa. A rayuwata wannan ne darasi na farko da ya ba ni. Ya ɗaga haɓa da ƙyar. Na ɗauka, na nuna masa.

"Dariya nake yi."

"Baffa, ciwon ne."

"Na san ciwon ne. Sake."

Na sake sau uku. Ya yi ƙoƙarin sauke gefen bakin da hannu, yana saki yana komawa. Gumi ya keto masa. Sai ya kalle ni da idon da ke da rai ya ce, "Ke shekara nawa kina share shago ba ki koyi komai ba? Zage ni mana."

"Haba Baffa."

"Zage ni, na ce. Ba na uwa ba. Ki nemo inda ke ciwo."

Inna tana zaune a kan turmi tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ni kuwa ban yi wani nema ba. Maganar tana nan ajiye tun ina shekara goma sha biyar, kamar an jiƙa ta ana jira. Na ɗaga wayar daidai idonsa, na ce a hankali, yadda yake yi, "Baffa, ubana da bai bar tabarma ba, garin nan kaf ya yi kukansa. Kai ran da ka mutu, wallahi ba mai yi maka kuka. Ko Inna."

Gefen fuskarsa mai rai ya sauko. A hankali ya sauko har ya daidaita da wanda ya mutu. Na latsa.

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken, sannan ya ci gaba. Ba ta ce ƙarya nake yi ba.

Ya karɓi wayar ya duba. Fuska a miƙe, haɓa a sama, baki a rufe. Ya ce, "To." Ya sa hannu a takardar, irin sa hannunsa mai ƙugiya. Ya ce, "Wannan za ki aika. Wancan ki goge." Na ce, "To, Baffa."

Ban goge ba. Ranar Litinin na hau tudun bayan makaranta da hotuna biyu a waya. Takardar da ya sa wa hannu ba ta faɗi wane hoto ba. Na biyun kat-kat ne kawai, irin wanda ke aljihun kowa, na san ba alƙalin da zai tsaya a kansa. Na gaya wa kaina Yamai da nisa, wa zai gani. Ba zan ce Shaiɗan ba ne, ni ce. Akwai son in ci, akwai kuma wani abu a ƙasan wannan da ya ji daɗi lokacin da hoton farko ya tafi.

Bayan wata biyu aka aiko mini cewa an zaɓe shi. Ban zo ta ɗaya ba, amma yana cikin waɗanda za a kafa. Na yi ta tsalle a cikin aji, yara suna kallona. Ƙungiyar ta sa hotunan a shafinta, kamar yadda ta faɗa tun farko a sharuɗɗan da na karanta. Wani ɗan garinmu da ke Kano ya gani, ya turo rukunin 'yan Matameye. Kafin sati ya zagayo wani ya yanko fuskar, ya rubuta "Rufe baki!" a ƙasa, ta zama sitika. In wani ya yi shirme a rukuni sai a tura masa Baffa da koko a gemu. Mutanen da ya zaga shekara arba'in sun samu abin da suke jira, ni na ba su.

Alhajin nan mai hatsi ne ya kai masa. Bayan shekara ashirin ya yi sallama ya shigo dubiya, ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya fito da waya ya ce, "Malam, ashe ka yi suna har Yamai." Ya nuna masa na bangon, ya nuna masa sitikar, ya bar masa goro ya tafi. Ranar jana'iza an ce a sahun gaba ya tsaya.

Da na shigo ranar Juma'a bayan la'asar, Inna ta tare ni a zaure ta ce, "Ya gani." Na shiga na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona.

"An zaɓa?"

"An zaɓa, Baffa."

"Hasken ya yi," in ji shi.

Kalmar da na yi shekaru ina nema ke nan. Ta zo, na rasa inda zan sa ta.

"Na ɗauka ban bar magaji ba," ya ce. "'Ya'yana duk uwarsu suka biyo. Ashe ke ce. Kin san inda ke ciwo, kin jira lokaci, kin latsa. Tashi ki tafi."

Na ce, "Baffa, ka yafe mini." Ya juya fuska bango. Washegari ya sa Inna ta mayar da shimfiɗarsa cikin ɗaki, bai sake fitowa shan hantsi ba. Wata huɗu ya ƙara a duniya. Duk Juma'a ina zuwa in gaishe shi daga bakin ƙofa, bai sake amsa mini ba, ko da zagi. Na rubuta wa ƙungiyar, suka cire hoton ba tare da gardama ba. Amma wa zai bi wayoyin mutane ya cire?

Ranar sadakar uku babban ɗansa, yayana da ya zo daga Kano, ya leƙo cikin gida ya ce ana neman hoton Baffa da za a sa a sanarwa, an duba ko'ina babu. Mai hoton gari bai bar hoton kansa ko ɗaya ba, sai wancan da ba ya sawuwa. Na ce akwai wani. Na buɗe na biyun na miƙa masa. Ya tsaya yana kallo, Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ikon Allah," in ji yayana. "Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kamar wanda aka yi wa rasuwa. Me aka ce masa?"

Inna tana ƙuryar ɗaki cikin kayan takaba, carbi a hannu. Ta ce, "Ni na ji abin da aka ce masa." Kowa ya juya yana jira. Ta ja carbinta ta ce, "Ba a yi masa ƙarya ba."

Kwana ukun nan da na yi zaune cikin mata, ba ta'aziyya kawai nake karɓa ba. Hawaye nake jira. Na ce ko ɗigo ɗaya ne ya zo daga idona, in ƙaryata kaina, in ce ga mutum ɗaya ta yi. Na tuna lakwal da ya hana a cire ni, na tuna matar nan mai goyo, na tuna yatsansa yana nuna mini inda zan tsaya. Na matse ido har kaina ya yi ciwo. Bai zo ba. Har yau da nake rubutun nan bai zo ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa abin da harshensa ya ɗauka, ya yafe mini nawa. Allah ya ba Inna ladan shekarunta. Wanda duk ke da sitikar nan a wayarsa, na roƙe shi don Allah ya goge. In ana son a tuna da shi, ga wanda ya zaɓa da kansa. Na wanke shi girman kat-kat, na yanke da almakashinsa, yana cikin jakata bayan katina. Haɓarsa a sama take, bakinsa a rufe. Kunnuwansa biyu kuma a waje suke, ya ji ni sarai.